Ranar Da Aka Raɗa Wa Na Bakwai Suna

Duk wanda ya taɓa kai gyaɗarsa ɓara tsakanin Ƙaraye da Tudun Kaya ya san Ɗantala mai inji. Dogo ne, baƙi, bakinsa da faɗi, hularsa kullum a karkace kamar ta yi faɗa da kunnensa na hagu. Ku kuma na birni da kuka san shi a talabijin da Yutub, da Sulle kuka san shi, ko Na Bakwai. Kun yabe shi, kun zage shi, har akwai wadda ta rantse a kwament cewa 'yan biyu ne ake ɓoye mana. Ba 'yan biyu ba ne. Mutum ɗaya ne, kuma ga labarinsa, tunda kun iya surutu a kan abin da ba ku sani ba.

Ba a Ƙaraye aka haife shi ba. A ina aka haife shi? Allah ne masani. Wata Talata, shekara hamsin da 'yan kai da suka wuce, Hajo matar Shitu ta dawo daga biki a Rogo, da 'yarta Barira goye a baya. Tana saukowa daga mota ta ga yaro zaune a ƙasa kusa da mai rake, ko tafiya bai gama iyawa ba, ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Ta tambayi mai rake, ya ce shi ma ganinsa kawai ya yi. Ta tambayi direbobi, kowa ya ce ba fasinjansa ba ne. Ta zauna da yaron a cinya har tasha ta watse. Aka kai magana wurin mai unguwa, aka yi cigiya a masallatai da kasuwanni har Rogo da Gwarzo, shiru. Mai unguwa ya ce ta riƙe shi kafin masu shi su zo.

Hajo ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta ba shi nono, shi a dama, Barira a hagu.

Da mata suka fara cewa ya kamata a sa wa yaron suna, Shitu ya ƙi. Mutum ne mai tsoron haƙƙi. Ya ce, "Yaron nan yana da sunansa. Wani bawan Allah ya yanka masa rago a wani gari. In muka ɗora masa wani, ranar da ubansa ya zo me za mu ce masa?" Sai aka ce to a dinga kiransa Ɗantala, tunda ranar Talata ya zo, kafin iyayensa su bayyana. Ba su bayyana ba. Shitu ya tsufa yana jira, ya rasu yana jira.

Ba wanda zai ce an wulaƙanta shi a gidan. Kwano ɗaya suka ci da 'ya'yan Shitu, bulala ɗaya suka sha. Sai dai su duk suna da zane uku-uku a gefen baki, shi fuskarsa sumul. Mutanen Ƙaraye kuwa akwai kawaici: kowa ya sani, ba mai faɗa. Sau ɗaya aka taɓa faɗa, kuma sau ɗayan ya isa. Lokacin da ya nemi wata yarinya a ƙauyen Turawa, manya suka je tambaya, aka gaisa aka sake gaisawa, sai kawun yarinyar ya gyara zama ya ce, "To madalla. Sunan yaron na yanka fa? Ai ba a ɗaura aure da Ɗantala." Wakilai suka hau kallon tabarma. Haka aka tashi, goron ma a nan aka baro shi. Daga baya ya auri Sauda, wadda ubanta ya ce shi ya ga sallar yaron ya ga nomansa, sun ishe shi. Amma maganar Turawa ta tsaya masa kamar ƙayar kifi a maƙogwaro, ba ta fita ba, ba ta wuce ba.

Ya yi noma, ya yi dako, daga ƙarshe ya mallaki injin ɓarar gyaɗa, irin wanda ake ɗorawa a kura a tura shi gona-gona. Mata sun fi son injinsa, ba don ya fi na kowa ba, don ma ya fi na kowa yawan mutuwa. Ɗantala gwanin kwaikwayo ne. In inji ya mutu ana jira ya huce, sai ya miƙe ya yi musu rigimar mai awo da mai gyaɗa. Ya tsaya nan ya zama Alhaji mai tumbi yana danna tiya da babban yatsa, ya yi tsalle can ya zama tsohuwa tana, "Wallahi ba ka isa ba, ɗan nan, zuba ka sake!" Mutum ɗaya, murya biyu, tsayuwa biyu. Har hawaye mata suke yi don dariya. Wata ta ɗauka a waya ta sa a Tiktok, ta haka ya faɗo hannun Fauziyya.

Fauziyya 'yar Rogo ce. Sakandare kaɗai ta yi, tace bidiyo kuwa a wayarta ta koya, ba wanda ya zaunar da ita. Bakinta kamar reza. Ta daɗe tana yawo da wani labari a kanta: wani kamfani ya zo ƙauye da sunan gwajin jini kyauta, ya ɗebi jinin wani manomi mai suna Sulle, ya je wani ɗakin sanyi a bayan dam ya ƙera mutum bakwai irinsa sak, kwafinsa, don su yi wa kamfani noma ba hutu ba sallama. Ba su da suna, sai lamba a ƙirjin riga. Shida suka mutu a bakin aiki, na bakwai ya gudu, ƙafarsa ta kai shi ƙofar gidan Sulle. Ta kai labarin Kano, aka yi mata dariya, aka ce irin wannan sai ƙasar waje, wa zai ba ki na'urar da za ta mayar da mutum ɗaya biyu? Ta dawo ta hau acaɓa sai Ƙaraye.

Ta same shi a bakin aiki, ƙurar ɓawo har gira.

"Sannu da aiki, Baba. An wuni lafiya? Ya gajiya? Ya mutan gida?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ina gyaɗar?"

"Ba gyaɗa na kawo ba. So nake ka zama mutum bakwai."

Ɗantala ya kashe inji ya dube ta. "Ni ɗayan ma Sauda cewa take na yi mata yawa."

Ga yadda suke yi, don masu cewa asiri ne. A kafa waya a kan sanda mai ƙafa uku, a danne ƙafafun da duwatsu kada ta motsa. A ja siririn layi da toka a ƙasa, daga gindin sandar ya miƙe gaba. Ɗantala ya tsaya dama da layin da hularsa, ya yi maganar Sulle yana kallon iska. Ya cire hula, ya zura farar riga mai lamba bakwai, ya koma hagu ya ba kansa amsa. Fauziyya ta yanka hotunan biyu ta haɗe su a daidai tokar. Doka ɗaya ce: kada hannu ko ƙafa ya tsallake layi, in ya tsallake ya ɓace a hoto. Kuma a yi sauri kafin inuwa ta gusa. Kajin unguwar sun sha jifa a kan tokar nan.

Tun ranar farko ya fara gyara mata labari. Ta ce Na Bakwai ya banko ƙofa ya faɗo tsakar gida, matar Sulle ta ƙwala ihu.

"A wane garin?" in ji Ɗantala. "Gidan matar aure? Ya yi sallama ya tsaya a zaure."

"Baba, fuskar mijinta ce fa da shi."

"Fuskar ce ta biya sadaki?"

Haka aka yi. Sannan ya ce Na Bakwai ne zai durƙusa ya fara gaisuwa, don ko kamarsu ɗaya, Sulle ya riga shi zuwa duniya. Wannan fitowar ce ta tashi gari: ƙato mai furfura ya tsuguna a gaban kansa yana, "Ina kwana, Yaya," shi kuma Sulle ya rasa ya amsa ne ko ya zura da gudu. Daga nan wata tashar talabijin a Kano ta karɓi shirin, duk Asabar bayan la'asar. Gidan kallon ƙwallo na bakin kasuwa ya koma gidan kallon Na Bakwai. Samari masu ɗan karatu suka kama musu a Fesbuk: ƙanin Sulle ne ko ɗansa? Yana da gado? In ya ja salla a bi shi? Waɗanda suka yi wa Fauziyya dariya a Kano suka fara turo mata gaisuwa, tana gani tana wucewa.

Ɗantala ba ya sauri a karatun boko, Murja 'yarsa ce mai karanta masa kwament da yamma a tsakar gida. Takan karanta masu daɗi ta tsallake na banza. Rannan bakinta ya riga idonta.

"Ga wani ya ce, 'Wanda ba shi da uwa, ba shi da uba, ba shi da suna, ai ba mutum ba ne. A ƙone shi kawai a huta.' Kai, ji wani sakarai..."

Ta kife wayar a cinya. Ita ma ta sani kamar kowa, ba ta dai taɓa ji daga bakinsa ba.

"Mutum nawa suka goyi bayansa?"

"Baba, 'yan zaman banza ne."

"Na ce nawa."

"Da yawa."

Ya ce madalla. Ya tashi ya je ya zuba wa ragon da yake kiwo don layya dusa, ya daɗe a tsaye a kansa. Inna Hajo tana ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da hannu, don har yau ta ce ta inji ba ta da ɗanɗano. Ba ta ɗago kai ba, amma hannunta ya tsaya.

Ana haka fitowar ƙarshe ta zo. Fauziyya ta iso da zafinta, ta same shi yana wanke inji a ƙofar gida, ta zayyana masa: mutanen gari za su rutsa Na Bakwai a cikin rumbu su cinna wuta, Sulle na tsaye yana hawaye. Har ta samo tsohon rumbun da za a ƙona.

"Ba zan yi ba," in ji Ɗantala.

"Baba, wasa kake."

"Kin ga haƙorina a waje?"

"Tasha fa jira suke! 'Yan kallo wuta suke so, ka tambayi Murja. In ba mu kai musu ba cire mu za su yi, kuma wallahi ba za su sake sauraron wani daga Rogo ko Ƙaraye ba. Cewa za a yi 'yan ƙauye sun fara sun kasa."

"A ce."

"To sai in sa wa wani rigar in ɗauke shi ta baya. Wuta ba ruwanta da fuska."

"Ga rigar can a igiya. Sauda ta wanke."

Ba ta je ta ɗauka ba. Ta riƙe ƙugu tana huci. "Don Allah me ya yi zafi? Mutumin nan fa babu shi. Ni na ƙirƙiro shi a ɗakin Ummata!"

Ɗantala ya ajiye tsumma. "Ke Darakta, meye sunanki na yanka?"

"Fauziyya mana."

"Wa ya raɗa miki?"

"Kakana na wajen uba. Me ya kawo wannan kuma?"

"To tambaye ni nawa."

Ita 'yar Rogo ce, ba wanda ya taɓa gaya mata. Ta dubi fuskarsa sumul, ta tuna fuskokin 'yan'uwansa da take gani kullum da zanensu uku-uku.

"Garin nan kowa ya san yadda na zo," ya ce. "Ranar Asabar za su cika gidan kallo, su ga an ƙone marar asali, su tafa, su fito su same ni a bakin inji. Kuma da hannuna kike so in ƙyasta ashanar?"

Fauziyya ta zauna a kan buhu. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "To ya za mu yi da shi, Baba?"

"Abin da ake yi wa duk wanda ya zo duniya. A yanka masa rago."

Ta kira mutanen tasha, aka yi ta hayaniya a waya har makwabta suna leƙe. Daga ƙarshe suka ce ta yi abin da ta ga dama, amma in 'yan kallo suka watse ita ta sani. Aka tsayar da shawara: za a ɗauki suna na wasa a ƙofar gidan Ɗantala da safe, Sulle ya ba da rago, a raɗa wa Na Bakwai suna. Ɗantala ya ce ga ragonsa na layya. Fauziyya ta ce a nemo mutum kaɗan su cika tabarma.

A nan aka yi kuskuren. Ɗantala ya ce ba a kiran mutane suna da fatar baki, raini ne, sai da goro. Ya sayo goro aka raba gida-gida yadda aka saba, a ce gobe da safe akwai suna gidan Ɗantala, na fim ne. To a gida na farko an faɗi "na fim ne". A na biyu ma. Kafin goro ya kai ƙarshen layi, abin da ya rage kawai shi ne gobe suna gidan Ɗantala.

Gari na wayewa Sauda tana wanke-wanke, sai ga mata suna ɗuruwa da sabulu da atamfa da kayan jarirai.

"Barka, barka! Sauda, ashe ɓoye mana kika yi? Ina jaririn?"

"Wane jariri? Ku rufa min asiri, ni da nake da jika!"

Sai ga Barira daga gidan aurenta a Rogo, an sauke mata ƙatuwar roba ta kunun kanwa, ranta a ɓace. Ta tare shi a zaure. "Ɗantala, nono ɗaya muka sha, amma haihuwa a gidanka sai dai in ji a bakin direbobi?"

A waje kuwa maza sun cika layi da manyan riguna, an shimfiɗa tabarmi har bakin kwata. Wanzami ya zo da zabirarsa ba wanda ya kira shi. Maroƙi ya zo. Fauziyya tana ta, "Don Allah kada ku taka toka! Ku bi ta can!" Wa zai ji ta? Kafin ta gama kafa waya, layin ya bi takalman mutane.

Malam Ashiru limamin unguwa ya iso, tsoho tukuf, aka ba shi tsakiyar tabarma. Fauziyya ta gyara mayafi ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani tun daga ɗakin sanyi har rumbu. Ya saurara bai katse ta ba.

"Wato babu jariri."

"Babu, Allah gafarta Malam. Kawai ka ɗaga hannu kamar kana addu'a, ka faɗi wani suna, mu ɗauka. Ba daɗewa za a yi ba."

"Kamar ina addu'a," in ji Malam. Ya jinjina kai. "'Yata, ni ban iya kamar ba. In na ɗaga hannu, Wanda nake roƙo ba ya cikin 'yan wasanku. Ragon nan kuma in aka sa masa wuƙa, jini ne zai zuba, ba jan kala ba. Ba na yanka da sunan wanda babu shi. In akwai mai suna a kawo shi. In babu, a ba mutane haƙuri su tafi gona."

Ya fara laluben takalminsa.

Ɗantala yana tsaye a gefe cikin farar riga mai lamba bakwai, kansa ba hula. Ya ga mutane sun fara kallon juna, na baya sun fara kaɗe riga. Ya ga Fauziyya ta sunkuyar da kai, ya san abin da take lissafawa: ba suna, ba rumbu, ba abin kai wa tasha. Ya dubi tabarma. Ga sa'o'insa da suka yi makarantar allo tare. Ga biyu daga cikin dattawan da suka je masa Turawa, har yanzu da ransu. Shi da ya zo a yi wa mutumin ƙarya suna.

Sai ya taka. Ya wuce ta inda tokar take, ya zo gaban Malam ya zauna ya tanƙwashe ƙafa kamar ɗalibi.

"Akwai shi, Malam."

Na baya suka fasa kaɗe riga.

"Tun ina yaro nake amsa sunan rana. Na gode wa Talata, ta yi min ƙoƙari. Baba Shitu ya jira masu ni har ya koma ga Allah, ba su zo ba. Ni dai na gaji da jira. In ya halatta a raɗa wa mai furfura, ga ni."

Malam Ashiru ya ajiye takalmin. Yana cikin samarin da suka yi yawon cigiya a wancan lokacin, bai manta ba.

"Ya halatta," ya ce. "Wa zai ba da sunan?"

Maza suka sake kallon juna. Aikin uba ne, uba kuma babu. Sai aka ji ƙarar sanda a dakalin zaure. Inna Hajo ce, Barira na riƙe da hannunta, ta tsaya daidai bakin ƙofa ba ta ƙarasa fitowa ba.

"Akwai suna," ta ce. "Tun ranar da ya kama nonona na ajiye masa. Mai gidan ya ce a jira, na jira."

"Faɗi, Hajo."

"Haba Malam. Ka san ba zan iya faɗa ba." Ta ja mayafi ta rufe baki. "Na mahaifina."

Yaran zamani suka hau raɗa, don ba su san dalili ba. Mace irin Hajo ba ta kama sunan ubanta, ko a ɗaka balle a gaban maza. Amma Malam ya sani.

"Malam Suhaibu na Tudun Kaya. Allah ya ji ƙansa."

Ta gyaɗa kai.

Malam Ashiru ya matso, ya dafa kan ƙato mai jika, ya sa baki a kunnensa na dama ya raɗa masa, yadda ake yi wa ɗan kwana bakwai. Sannan ya ɗaga hannu, duk layin ya ɗaga. Aka shafa Fatiha, aka kayar da rago. Maroƙi ya cika ƙirji da iska ya saki murya:

"Sunan yaro Suhaibu! Allah ya raya Suhaibu! Allah ya sa mahaddaci ne!"

Aka kwashe da dariya, ana amin ana share ido da hannun riga. Guɗa ta tashi daga cikin gida. Dattawan nan biyu da suka je masa Turawa su suka fara miƙo masa hannu, ɗayan sai jijjiga hannun yake. Wanzami ya ce shi fa ba a suna ba aski, ya zaunar da shi ya kwashe furfurar tas a gaban jama'a. Da ya gama ya zaro 'yar ƙaramar aska yana duban gefen bakinsa.

"Saura uku-uku na gidan Shitu."

"Kai, tsaya nan!" in ji mai suna, ya kare kumatu da hannu biyu. "Fuskar nan ta shiga talabijin. Bar ta yadda ta zo."

A cikin gida mata suka rasa wa za su ba kayan barka, sai Barira ta ce ai ga mai jego nan. Aka tara sabulu da 'yan riguna a gaban Inna Hajo, aka cika mata kofi da kunun kanwa. Murja tana, "Tsohuwa, a sha da zafi, kada jego ya kama ki!" Ita kuwa tana, "Ja can, marar kunya," tana sha.

Duk wannan bidiri wayar Fauziyya tana kan sandarta tana ɗauka. Ta kunna tun zuwan Malam, kuka ya mantar da ita kashewa. Da aka watse ta same shi a zaure, kai sai ƙyalli.

"Baba, in goge?"

"Don me?"

"Sirrinka ne."

"Sirrin da aka yi da maroƙi? Sa shi, Darakta. Wancan mai cewa a ƙone, ina so ya gani."

Abin da kuka kalla ke nan a fitowar ƙarshe. Ta ƙara ɗan guntu a farko, inda Sulle yake jan rago da hularsa a karkace, sauran kuwa ba yanka ba haɗi, mutum ɗaya ne zaune a tabarma da riga mai lamba. Ranar Asabar gidan kallon bakin kasuwa ya cika har taga. Da maroƙi ya faɗi sunan, duk ɗakin ya amsa wa talabijin da amin. Tasha ba ta cire kowa ba, maimaitawa ma ta yi. Ku kuma kuka cika kwament da cewa tsohon da ya fito a liman ya iya wasa, a ba shi kyauta. Ba wasa yake ba. Bai iya kamar ba.

Yau in ka je Ƙaraye yana nan a bakin injinsa, injin kuma yana nan yana mutuwa. 'Yan fim na Kano sun aiko, ya ce su bari a gama kaka. Abokai suna ce masa Ɗantala, dattawa Malam Suhaibu, 'yan makaranta Na Bakwai, duk yana amsawa. Mutum ɗaya ce a garin ba ta iya kiran sabon sunan, ita ce wadda ta ba da shi. Tsohon sunan kuma ta ce ta gama da shi.

Rannan ya kafa inji a ƙofar gida, mata sun yi layi da buhunansu, aiki ya yi zafi, sai murya ta fito daga zaure.

"Baba! Baba! Zo ka ja min tabarmar nan, rana ta iso ni."

"Na'am, Inna!"

Ya kashe inji da rabin buhu a ciki. Mata suka ɗauki ƙorafi, wata tana cewa tun safe take nan, tuwo ma ba ta ɗora ba.

Ya kaɗe ƙurar riga, ya gyara hula ta ƙara karkacewa.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "'Yata ke kira."